Rabin da Bai Dawo Ba

A Rosariyo, bakin kogin Parana,
tsoho Anselmo ya buɗe littafin lissafi.
Shekara talatin yana akanta a kamfanin hatsi,
yau fensir ya rage masa, da shayi mai ɗaci.

Jikarsa Milagros ta faɗo ɗaki da murna:
"Kaka, hannun jarina ya faɗi kashi hamsin bara,
bana ya tashi kashi hamsin. An yi kunnen doki!"

Ya zube waken soya ɗari a tebur,
ya share rabi da gefen hannu.
"Saura nawa?"
"Hamsin."
"Ƙara musu rabinsu."
Ta tsinto, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa:
saba'in da biyar.
Ragowar na ƙarƙashin kujera,
kyanwa na wasa da su.

"Wanda ya rasa rabi, jikata,
sai ya ninka kafin ya ga ƙofar gida.
Ni banki ya ba ni talatin cikin ɗari,
burodi ya tashi arba'in.
Peso ya cika aljihu,
kwandon cefane ya rage nauyi."

Ta duƙa tana korar kyanwa,
shi kuwa yana feƙe fensir.