Injin da Ya Manta Shekara

Ƙarfe biyar da rabi a Farin Gada,
sanyi ya riga ni isa ofis.
Baba Ɗantani ya buɗe ƙofa da hannu ɗaya,
ɗayan na cikin bargo.
Ya ce, "Sau uku aka ɗauke wuta da dare.
Abin naka ya yi tari, ya tashi, ya koma."

Na san sauran labarin.
Duk ranar da uwar garke ta farka daga barci
sai ta ƙi sanin kowa.
Wasiƙu su yi cirko-cirko a bakin ƙofa
kamar motocin tumatir ranar kasuwa,
kwamfutar Kachollom akanta na ta jan kunne da jan rubutu:
takardar shaidar nan ba abin yarda ba ce.

Ba abin yarda ba?
Ni na sabunta ta da hannuna.
Kwana casa'in aka ba ta, ko ashirin ba ta ci ba.

Na bi sawu.
Mabuɗi na nan inda na ajiye shi.
Sarƙar shaidu ba ta tsinke ba,
wane ya tsaya wa wane, wane ya tsaya wa wane, har tushe.
Na zargi tsohuwar takarda da dawowa ta bayan gida, na share ta.
Na zargi Sabitu da ya riƙe aikin kafin ni,
na zage shi a zuci, Allah ya yafe mini,
bawan Allah na can Toro yana kiwon kaji.

Abin haushin, kafin shayina ya huce
sai ta warware da kanta,
kamar haƙorin da ke daina ciwo a gaban likita.
Oga Dung ya leƙo, ya ga komai lafiya lau,
ya dube ni, ya ce farashin dankali
bai isa Fatakwal a kan lokaci ba, karo na huɗu ke nan.

To, yau ban jira masu wuta ba.
Ni na zare waya da kaina, na mayar,
na zauna a gabanta tun numfashin farko
ina karanta abin da take rubuta wa kanta.
Layi na ɗaya:
ɗaya ga Janairu, dubu biyu da tara, sha biyun dare.

Na sake karantawa.
Ashe takardar ba mutuwa take yi ba,
a lissafin injin ba a ma haife ta ba.
A shekarar da yake farkawa
ina aji biyu a Gangare, da guntun wando.
Sai ya ɗan jima, ya tambayi duniya ƙarfe nawa,
a gaya masa, ya yi shiru kamar ba shi ba.

Na kwance cikinsa. Yanar gizo, ƙura, mataccen kyankyaso,
da wani batir kamar kwabo a maƙale a lungu.
Malam Ila mai agogo a Taminus
ya ɗora shi a harshe, ya girgiza kai.
"Wannan ya daɗe da rasuwa. Kawo ɗari biyar."

Na sa sabo. Na kashe, na kunna. Na kashe, na kunna.
Sau bakwai, don zuciya ba ta yarda da wuri.
Kowane tashi ya san ranarsa.
Wasiƙa ɗari biyu da sha huɗu suka fice a jere.

A cikin Keke, hanyar gida, na tuna Hajjo.
Kullum da asuba takan tambaya
ko Malam ya dawo daga haƙar kuza.
Shekara talatin da binne shi.
Ba ma yi mata musu.
Mukan zuba mata kunu, mu jira hantsi
ya kawo ta yau a hankali.

Tsohon batirin na aljihuna har yanzu.
Na tsaya na saya mata ƙosai mai zafi.