Minti Shida a Oruro

Shekara bakwai ina aikin gashi,
na san gwiwa, na san kafaɗa da ƙugu.
Na zo Oruro kwas na wata tara
ina taƙama hannuna ya san ƙashi.

Malama Delfina Ticona ta dube ni,
ta kwance agogonta ta ɗaura mini.
Ta ce, "Noemi, ajiye hannayen nan tukuna.
A ɗakin nan kunne ke fara aiki,
sai kin iya raba haki da nishi."

Garin na bisa tsauni, iskarsa ba kauri,
mai lafiya ma kan tsaya a tsakiyar matakala,
balle Don Anacleto Huanca,
shekara talatin da ɗaya a ramin kuza.
Ƙurar dutse ta yi gida a huhunsa,
zuciya ta kumbura da jan kayan da ba nata ba,
kowace shaƙa kamar ya karɓo ta bashi.

Baranda mita talatin, kujera a kowane ƙarshe,
minti shida, ni da agogo da takarda,
'yar na'ura a yatsansa tana ƙyafta lamba.
Tamanin da tara. Tamanin da shida.
Ya dafa bango, ya sulale kan kujera,
na zabura zan tallabe shi,
Malama ta kama gefen rigata.
"Dubi lambar, ba ta kai ba.
In kin ɗauke masa yau, gobe wa zai ɗauke?
Tsaya kusa, kar ki taɓa. Zai tashi."

Da dare ina bitar zanen bugun zuciya
mai hawa da sauka kamar duwatsun bayan gari.
Ina koyon lanƙwasa tafi ya zama ƙoƙo,
ina bubbuga filo har maƙwabciya ta yi magana,
don gobe in bubbuga bayan mutum kaki ya saki.
Duka ne, amma duka mai taushi.

Na ce masa, "Shaƙa ta hanci, ƙirga biyu,
tsuke baki, saki a hankali, ƙirga huɗu,
kamar mai hura miya."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Yarinya, ni za ki koya wa tsuke baki?
Shekara ashirin ina busa begila a bikin gari,
daga kasuwa ana jiyo ni har bakin rami."
Kunya ta rufe ni. Ya ce, "Ci gaba da ƙirga,
leɓe bai manta ba, iskar ce na yi rashi."

Mako takwas. Kwalbar ruwa da bututu,
yana hura kumfa kamar jikansa.
Keken da ba ya zuwa ko'ina.
Wata Talata bai zo ba, zazzaɓi,
da ya dawo mun koma baya da mita arba'in.
Na shige ɗakin ajiya na yi kukan haushi.

Ranar jarrabawata ya zo da begilar cikin buhu.
Malama ta ce a'a, ba yanzu ba,
ba ta kuma yi masa alkawarin wata rana ba.
Ya gyaɗa kai, ya ɗora ta kan kujerar can ƙarshe,
ya ce to, zai riƙa zuwa yana gaishe ta.
Mita ɗari biyu da saba'in, hutu ɗaya.
Na rubuta, alƙalami na rawa.
Bai tambayi lambar ba.
Ya ce gidan 'yarsa Eulalia matakala sha tara ne,
jiya ya hau sha huɗu kafin ya tsaya,
ya tsuke baki, ya ƙirga huɗu,
daga nan yana jiyo miyar gyaɗa na ƙamshi.

Na kwance agogo zan mayar. Ta ce, "Riƙe.
Gado na huɗu akwai sabuwa, shekaranjiya aka ɗinke ƙirjinta,
ta rungume filo, tana tsoron tari.
Ja kujera ki zauna,
ki fara da sauraron numfashi."