Kujerar Nermin

A Izmir, bayan tashar jirgin fito,
akwai shagon shayin Tuncay, mai tebur bakwai.
Duk daren Laraba sai a kashe rediyo,
a juya kujeru su fuskanci bango
inda talabijin ke rataye kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Shekara huɗu ana bin wasa guda:
Perihan, mai sayar da magani a unguwar masunta,
da maza biyu da har yau ba su furta mata komai ba.
Rustem, matuƙin jirgin fito, mai tabo a gira.
Kudret, malamin lissafi, mai rigar sanyi ɗaya tal.

Shago ya tsage biyu kamar kankana.
'Yan Rustem sun kame bakin taga,
'yan Kudret suna gefen tukunyar shayi.

Gulten, wadda ta yi ritaya daga gidan waya,
tana da littafi mai koren bango.
Ta buɗe: kashi na sittin da biyu, minti na sha tara,
Rustem ya miƙa mata laima, yatsunsu suka haɗu.
"Na ƙirga," in ji ta, "daƙiƙa uku cur.
Wa ke jinkirin sakin laima haka, in babu wata a ƙasa?"

Ɗalibar nan Ezgi ta ture kofinta:
"Goggo, laima ai aro ce, mayarwa ake yi.
Koma ranar da aka binne uban Perihan.
Kowa ya yi dogon jawabi, Kudret bai ce uffan ba,
ya shige kicin ya wanke kofuna arba'in.
Wanda ya wanke miki kofi ranar kuka,
shi ne naki."

Sai gardama ta kaure
har Tuncay ya zuba wa mutum ɗaya sukari sau biyu.

Cevdet kuwa, tsohon mai gyaran agogo,
yana zaune cikin 'yan taga.
Kujerar da ke damansa ba kowa a kai,
sai jakar saƙa, da jan zaren da ba a ƙarasa ba.
Shekara uku yana cewa Kudret,
matarsa Nermin tana cewa Rustem.
Sukan tafi gida suna musu a kan titi
har karnukan unguwa suka haddace muryoyinsu.
Ta rasu cikin Fabrairu, saura kashi tara a gama.

Tun ranar ya sauya sheƙa.
Yanzu shi ke miƙewa yana dukan tebur:
"Ba ku ga ya rage gudun jirgi ba
da ya hango ta a gaɓa?
Mutum ba ya rage gudu don wadda bai damu da ita ba!"
Kalmominta ne,
har da wurin da take tsayawa ta ja numfashi.
Ezgi ta gane. Gulten ta gane.
Ba wanda ya tuna masa abin da yake faɗa bara.

Daren ƙarshe aka yi ruwa, shago ya cika maƙil,
har mai kifi ya shigo da ƙarninsa.
Perihan ta kulle shagon magani, ta ɗauki akwati,
ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai
zuwa garin da ba a faɗi sunansa ba.
Sunayen 'yan wasa suka fara hawa allo.

Gulten ta wurgar da littafi:
"Shekara huɗu! An yi mana sakiyar da babu ruwa!"
Ezgi tana dariya, hawaye na zuba,
tana cewa marubutan nan ba su da imani.

Cevdet ya biya kuɗin shayi biyu, kamar kullum.
Ya rataya jakar saƙa a kafaɗa.
A bakin ƙofa ya tsaya yana kallon ruwa,
ya ce a hankali, ba da kowa a shagon ba:
"Kin gani? Duk mun faɗi.
Amma na lura, Nermin,
jirgin ƙasan nan wajen teku ya nufa.
Na bar miki wannan."