Tsarabar Fatakwal

Mun kai wake Fatakwal daga Kumo,
kwana huɗu a bayan tirela.
Can bakin tasha wani mai allura
ya ce zai zana min Dija a damtse,
har kabari ba ta gogewa.

Allurar da ya tsaga ƙarti uku da ita
ita ya share a gefen wandonsa.
Na gani. Na kau da kai.

Tabarmar haya ta yi min gyaran ƙazuwa,
tsakanin yatsu, ƙugu, har inda ba a faɗa.
In dare ya yi farce ya hau aiki
kamar kaza a kan juji.

Kafin Alkaleri hannu ya yi suntum,
mugunya ta cinye harafi uku.

Malamar asibiti ta ɗaga auduga,
ta ce, "Wace ce D?"
Na ce, "Dauɗa."

Inna ta tafasa tufafina,
ta shanya nesa da na ƙannena.

Dija ta aiko da kunu,
ta ce a gaishe ni daga zaure,
wai da na tambaya
da ta ara min biro.