Moya

Na sauka Wad Madani da Larabcin littafi,
wanda Malam Sagiru ya ɗura mana a soron gidansu a Gumel.
Na ce wa mai shago, "Uridu ma'an."
Ya dube ni kamar limamin da ya ɓata hanyar mumbari,
ya yi dariya har da dafa kanta.
"Moya, ya zol. Ka ce moya."
Ranar na san ƙishi ma yana da karin harshe.

A asibiti, Lahadi ce Litinin ɗinsu.
Sau biyu ina makara.
Sista Ikhlas ta zagaye sunana da jan biro,
sannan ta tura mini rabin gurasarta.

Na durƙusa zan gaida Dakta Babikir,
ya sunkuyo yana taya ni dube-dube:
"Me ya faɗi?"
Ya ɗago ni, ya bubbuga kafaɗata,
wai gaisuwar ke nan, an gama.
Gwiwoyina suka rasa aikin yi.

Karin kumallo sai hantsi ya dubi ludayi.
Ƙarfe sha ɗaya a ajiye allura, a rufe fayil,
a kewaye kwano ɗaya na wake da man riɗi,
likita, masinja, mai shara, hannu biyar a ciki.
Ni da aka raina a kan yaro ba ya tsoma hannu a kwanon babba,
na ce na ƙoshi, cikina yana ƙaryata ni.
Dakta ya ɗaure fuska har la'asar.
Ashe kawaicin da na ɗauko daga gida
a nan sunansa ƙyama.

Sa hannu ɗaya nake nema a littafin horo.
"Bukra," in ji magatakarda.
Goben nan ta yi mako uku ba ta waye ba.
Na kai ƙara gindin darbejiya wurin Sit Nafisa,
ta zuba mini gahawa mai citta, ta ƙi karɓar kuɗi,
ta ce wanda ke sauri a garin nan
rana ce kaɗai za ta raka shi.

Sai wani dare, ina aikin kwana,
gado na bakwai, tsohuwa, kwana uku ba ta ce uffan ba.
Ina lalube a hannunta, na yi tsaki:
"Kai, jijiyar nan ta ɓuya."
Ta buɗe ido.
"Yaro, kai ɗan wane gari ne?"

Allurar ta kusa suɓuce mini.
Hausa ce, tsohuwa, irin ta kakata,
mai ƙamshin rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba.
Hajja Gambo.
Kakanta ya taso da jaki zai tafi Makka,
ya tsaya tsinkar auduga don ya cika guzuri,
guzurin bai cika ba,
sai ƴaƴa, sai jikoki, sai kabari a bakin Nilu.
Ba ta taɓa ganin Haɗejiya ba,
amma ta tambaye ni ko kogin yana cika har yanzu,
ko ana samun daddawa mai kyau.

Na ce mata garin nan ya gagare ni.
Ta ce, "Wata nawa?"
Na ce bakwai.
Ta yi murmushi da haƙori biyu:
"Mu shekara ɗari, kuma har yau muna ɗanɗanawa.
Ba ni ruwa."

Ruwa ta ce.
Na riƙe mata kofin da hannu biyu.

Da safe na wanke hannu, na kutsa tsakanin masinja da Dakta,
waken da zafi, na ƙone yatsa, ba wanda ya kula.
Da yamma Inna ta kira, layin yana yankewa,
tana tambaya ko ina ci, ko zafin da sauƙi.
Na ce, "Inna, dakata in sha moya."
Ta yi shiru.
Ta ce, "Ka sha me?"