Saura Biyu

Ajina shi ne na ƙurya, bayan ɗakin karyayyun bencina,
inda inuwar darbejiya ba ta isowa sai la'asar.
Yara goma sha ɗaya. Nan Marwa, a Domayo,
ana ce mana ajin waɗanda suka makara,
alhali mu muke riga mai gadi zuwa.

An ba ni alli da littafi mai shuɗin bango.
Ragowar tsintuwa ce:
marafan kwalba daga shagon Barmo,
ƙwallayen dabino na watan azumi, na wanke na shanya,
karan dawa da na yanka da reza, wani taƙi ɗaya, wani biyu,
da sikelin mahauci wanda harshensa ya karkace.
A kwalla ɗaya nake ɗauko su a ka,
masu babur na tambaya ko talla na koma.

Hamajoda, in na rubuta bakwai a allo,
sai ya ce ta juya masa baya, ta zama lauje, ta tafi gona.
Amma zuba masa marafai bakwai a tafi,
ya runtse ido, ki zare ɗaya a hankali.
Malama, an yi mini sata, hannuna ya yi sauƙi.
Ba ni na koya masa wannan ba.

Dije ba ta ji, da yatsu take sauraro.
Kara huɗu muka ɗinke da ƙaya, ta taɓa, ɗakin ya kwanta.
Ta cire ɗaya, ta haɗa bakin ukun,
ta tura, ta sake turawa, ya ƙi.
Dariyar da ta yi, har ajin gaba sai da suka leƙo.

Wanso kuwa rigima ya kawo daga rumfar albasa.
Inna ta ce dala ashirin, littafi ya ce ɗari,
to wa ke ƙarya a cikinsu?
Muka zauna a ƙasa muka kasa biyar-biyar
har kashi ashirin, gwiwoyinmu suka yi fari.
Ya ƙirga daga dama, ya ƙirga daga hagu,
ya ce: ashe sun san juna.

Sai ranar Laraba, ranar rabawa.
Ƙwallo goma sha bakwai, faifai biyar.
Kulu ce ke rabo, tana ciza leɓe,
naka, naki, naka,
zagaye uku, ta tsaya.
Biyu na hannunta.

Ta ce: waɗannan na waye?
Na ce ba na kowa ba ne, saura ake ce musu.
Ta ce: laifin me suka yi?
Na ce faifan ne suka yi daidai, su kuma ba su kai zagaye ba.
Ta dubi ƙofa, ta dubi dogon ginin da ke da fanka,
ba ta ce komai ba.
Ni ma alli ya tsaya mini a hannu.

Can na ce: Kulu, in kin bar su, amsarki ba ta cika ba.
Je ki rubuta. Uku, sannan saura biyu.
A kan layi ɗaya?
A kan layi ɗaya.

Ta rubuta biyun ta fi ukun girma,
wuyanta dogo kamar na zalɓe.
Ban gyara ba.

Da aka tashi na ƙirga kayana, kamar kullum.
Marafai sun cika, kara ya cika.
Ƙwallaye ne ba su kai ba,
na kuma ga ƙulli a bakin gyalenta
tana tsallaka yashin Kaliyawo, hannu a kai,
kamar mai ɗauke da kuɗin aike.