Ragowar Sulusi

A Milwaukee, bayan layin dogo,
inda iskar tafki ke yankan kunne,
can maƙerar tsoho Tadeusz take.
Ranar da na kama aiki
ya tuɓe kwat ya rataye a kan allon bango,
allon da duk amsoshi ke jere a kai.

Ya ce, "Pahoua, zanen nan ya ce uku bisa takwas na inci,
injin nan kuwa ɗigo kaɗai yake ji.
Ke ce tafinta."
Ya miƙo mini guntun fensir mai warin baƙin mai.

Uku a raba wa takwas? Ba ta kai ba.
"To rubuta sifili, ki ɗiga ɗigo,
ki ara wa ukun sifili ta zama talatin."
Takwas ta shiga sau uku, saura shida.
Shida ta zama sittin: sau bakwai, saura huɗu.
Arba'in, sau biyar cif,
an kwashe tukunya ba ko ƙanzo.
Sifili, ɗigo, uku, bakwai, biyar.
Na murɗa injin, ƙarfe ya zubar da gashinsa a nannaɗe,
sanda ta shige raminta ba gardama.

Kafin ƙanƙara ta narke na san halin kowa.
Rabi mai sauƙin kai ne, taku ɗaya ya iso.
Rubu'i taku biyu. Sumuni sai ya yi uku.

Sai ranar da sulusi ya zo.
Goma a raba uku: sau uku, saura ɗaya.
Na ara sifili. Sau uku, saura ɗaya.
Na sake. Saura ɗaya.
Ukun nan suka jeru kamar taragwan jirgin kaya
har suka faɗa ta bakin takarda.
Na ce, "Ina na yi kuskure?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.
Ya ce, "Mu uku baba ya bar wa wurin nan,
ni da Leszek da Bronek.
Lauya ya rubuta wa kowa ɗigo uku uku,
ya rufe fayil, ya tafi cin abinci.
Tara su ki gani."

Na tara. Ɗigo tara tara.

"Ɗaya cikin ɗari bai shiga rabon kowa ba."
Ya nuna kusurwa da haɓa:
kujerar katako mai ɗaurin waya a ƙafa,
da butar shayi wadda tsatsa ta ci wa hanci.
"Shekara talatin da ɗaya ba mai zama a kai."

"To a ina zan tsaya?"
"Inda ma'auni ya daina gani. Uku uku uku ya ishi ƙarfe.
Sauran ki bar shi."

Da yamma na share ƙasa.
Na kewaye kujerar da tsintsiya.